Jakar sanyi a zafin Makka: a saya, a ɗinka, ko a ɗauki kula?

Tsakanin babban kantin da nake sayayya da ƙofar gidanmu tafiyar minti 40 ce idan bas ta zo da wuri. Idan ta yi jinkiri, ko layin biyan kuɗi ya yi tsawo, sai awa guda da 'yan kai. A watannin sanyi wannan ba abin damuwa ba ne. Amma daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da hukuma da kanta ke hana leburori aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, kazar da na ɗauko daga firiza tana ƙara kamar dutse sai ta iso gida fukafukanta sun yi laushi, jan ruwa ya taru a kusurwar leda, robar laban, wato nonon sha, kuwa ta gama gumi ta huce. Wanda ya ga Hajjin 2024, da aka auna digiri 51.8 a Harami, ba sai an yi masa bayanin ranar garin nan ba.

Bara ƙanwata da ke aure a Jidda ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya, ke da keken ɗinki yake gabanki kullum, ki gaya mini gaskiya. In sayi jakar nan mai ƙyalli da ake ratayewa a bakin kanti, ko in aiko da yadi ki ɗinka mini, ko in haƙura kawai in sayi kula?" Na ce mata sai na ji abu uku tukuna: nisan tafiyarta, abin da take ɗaukowa, da kuma a ƙafa take yi ko a mota. Na daɗe ina ɗinka irin jakar nan, na kuma sayi na kanti iri-iri na riƙe su har suka mutu a hannuna, don haka abin da na gaya mata shi ne zan shimfiɗa a nan ga duk mai irin tambayarta.

Da farko a san cewa babu jakar da ke yin sanyi. Sanyin da kaya suka shigo da shi kawai take riƙewa, tana jinkirta zafin waje kada ya yi saurin shiga. Abin da ke yin jinkirin kuwa ba yadi ba ne, ba leda ba ce, iska ce da aka kulle a ƙananan ramuka ta kasa motsi. Shi ya sa soso da auduga da bargo suke aiki, shi ya sa kuma kauri ya fi kyan gani muhimmanci. Idan aka ninka kaurin bangon jaka, zafin da ke ratsa bangon yana raguwa sosai. Ruwa shi ne babban abokin gaba, domin yana wuce da zafi fiye da iska sau 20 da ɗoriya. Duk abin da aka cusa a bangon jaka, ranar da ya jiƙe, aikinsa ya ƙare.

Akwai kuma lokacin da muke tsere da shi. Ƙwayoyin cutar da ke lalata abinci suna yaɗuwa ne tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, wasu ma suna ninka yawansu cikin minti 20 kacal idan wurin ya yi musu daɗi. Ƙa'idar da masana lafiyar abinci suke bayarwa ita ce kada nama ko kifi ko madara su wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. A Makka da Jidda mafi yawan shekara muna ƙarƙashin ƙa'idar awa ɗaya ne. Na sha jin mata suna cewa ai wuta za ta kashe komai. Wuta tana kashe ƙwayoyin, amma akwai dafin da wasunsu ke bari wanda tafasa ba ta karya shi. Kifi irin su tuna da kan'ad idan suka ji zafi suna tara wani sinadari da ke sa fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, kuma ko an soya su ƙayau yana nan.

To, bari mu fara da jakar kanti mai ƙyalli, wadda ake samu a shagunan kayan araha da ake kira abu hamsa da kusa da wurin biyan kuɗi. Leda ce da aka shafa wa alminiyom, wani lokaci da ɗan siririn soso a tsakiya wanda bai wuce kaurin farce biyu ba. Ba zan ce ƙyal-ƙyal banza ba ce ɗungurungum. Alminiyom mai sheƙi yana mayar da mafi yawan zafin da ke zuwa a matsayin haske, irin na rana, amma sai idan akwai sarari a gabansa. Da zarar kaza mai ƙanƙara ta jingina da shi daga ciki, ƙafarki ko kujerar mota mai zafi ta jingina daga waje, zafin zai ratsa kai tsaye kamar babu komai. Ga wadda bagala, wato ƙaramin shagon unguwa, ke bayan gidanta, tafiyar minti 10 ko 15, wannan jakar ta isa, da babu gara ba daɗi. Matsalarta ta biyu hannu ne. Manna shi ake yi da wuta ba ɗinki ba, kuma guda biyu da na riƙe duk a nan suka rabu, ɗaya ma a tsakiyar titi da kwalin ƙwai a ciki.

Sama da ita akwai jakar kanti mai soso, mai zif, wadda ake kai wa yara abinci makaranta da babbar yayarta ta fita shan iska. Mai kyau a cikinsu tana da kyau ƙwarai, har ma tana da abin da keken gida ba ya iya yi: an haɗa ledar cikinta da wuta, babu ramin allura ko ɗaya, ruwa ba ya zuba. Idan za ki saya, kada ki tsaya kallon launi. Ki matse bangon tsakanin babban yatsa da manuniya. Idan yatsunki suka haɗu nan take, sosan ba shi da kauri ko kuma mai laushi ne irin na katifa. Ki leƙa ciki ki ga ko an yi ɗinki a ƙasan ledar. Ki duba murfin, domin da yawa bangonsu da soso amma murfin yadi ne zalla, alhali ta sama rana ke bugu. Ki kuma ja hannun ki ga ko ya zagaya ta ƙarƙashin jakar ko a baki kawai aka liƙa shi. Wadda ta ci waɗannan jarrabawa huɗu yawanci kuɗinta ba kaɗan ba ne, kuma girmanta nasu ne ba naki ba: ko ta yi ƙanƙanta robar laban mai lita 2 ta ƙi tsayawa, ko ta yi faɗi ta riƙa bugun mutane a cikin bas.

Kula kuwa, wato mai jikin roba mai tauri, babu jakar yadi da za ta kamo ta wajen riƙe sanyi, kuma ba zan yaudari kowa don ina ɗinki ba. Bangonta ya ninka na jaka kauri, murfinta yana rufuwa ruf, ruwa ba ya fita, ana wanke ta tas. Haka akwatin filin, farin nan mara nauyi da masu kifi ke amfani da shi, wanda kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce. Ga mai zuwa kasuwar kifi ta Bangala a Jidda ya sayo kifi ya kawo Makka, ko mai ɗaukar nama daga kasuwar Ka'akiyya a ranakun layya, ko iyalin da za su yi tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Madina, maganar jaka ba ta taso ba. Kifi yana son a binne shi cikin ƙanƙara, ƙanƙarar kuma za ta narke ta zama ruwa mai ƙarni, wannan aikin kula ne ko filin. Amma kula sai da mota. Ba a naɗe ta, ba a rataya ta a kafaɗa, kuma mace da yaro a hannu ɗaya ba za ta hau tudun unguwanninmu da ita ba. Filin ya fi araha da sauƙin ɗauka, sai dai yana ɓarewa a gefe, yana riƙe wari, ba shi da hannu sai an ɗaure da igiya.

Wata dattijuwa a layinmu har yau jiƙa buhu take yi ta naɗe robar ruwanta, kamar yadda aka saba a gida. Hikimar gaskiya ce, ita ce hikimar randa da tulu, ita ce kuma ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwa idan yana bushewa yana tafiya da zafi. A busasshiyar iska irin ta Madina ko Riyad yana aiki sosai, a Jidda mai gumi kuwa da ƙyar. Amma ko a inda ya fi aiki, sanyin ruwan sha da tumatir da ganye yake bayarwa, ba ya sauka digiri 5. Ga nama da madara ba ya cikin lissafi.

Saura ɗinki, inda na fi sani, inda kuma aka fi yin kuskure. Wadda ta ce za ta ɗinka ba ta gama zaɓi ba, yanzu ma ta fara, domin abin da za a saka a tsakiyar bango shi ne jakar. Sauran duk riga ce.

Abin da ya fi zuwa hannu shi ne auduga ko tsohon bargo. Suna riƙe zafi da kyau, shi ya sa suka dace da naɗe kular tuwo ko tukunyar shinkafa da za a kai wa baƙi masauki. Ga kayan sanyi kuwa akwai cikas: abu mai sanyi yana gumi, auduga tana shan gumin, ta yi nauyi, ta daina aiki, bayan kwana biyu ta fara warin rima. Ta farko da na taɓa ɗinkawa da bargo na yi ta, ninki biyu, na ji daɗin kaurinta. Wata guda bai cika ba na farke ta na tarar da baƙin ɗigo-ɗigo a ƙasan. Bargon roba mai laushi irin na zamani da audugar roba da ake cusa wa filo sun fi auduga ta ainihi haƙuri da ruwa, suna saurin bushewa, amma kaya masu nauyi suna danne su su zama lafe-lafe, iskar da ke ciki ta fita. A bango za su yi, a ƙasan jaka ba za su yi ba. Sosan katifa ma haka: yana da kauri, yana da araha a wajen masu gyaran kujeru, amma ramukansa a buɗe suke, yana shan ruwa kamar sosan wanke-wanke.

Akwai wani yadi da aka yi musamman don irin wannan aiki, Insul-Bright, audugar roba ce da aka saƙa ta cikin siririyar leda mai ƙyalli. Yana da daɗin ɗinki, keke yana cinsa ba gardama, ana kuma wanke shi. Sai dai ba shi da kauri, an fi yinsa don safar ɗaukar tukunya da jakar abincin yara, kuma sai an yi odarsa ta intanet. A zafinmu shafi ɗaya bai isa ba sai an ninka ko an haɗa da wani abu, nan kuma kuɗin ya kai na jakar kanti mai kyau. Abin tare rana na gilashin mota, mai ƙyalli da 'yan kumfa-kumfa, shi ma mutane suna yankawa su saka. Ya fi ledar ƙyalli zalla, yana ko'ina, amma siriri ne kuma yana tsagewa a layin ninki. Ina amfani da shi a matsayin ƙari, musamman a murfi, da fuskar ƙyallin tana kallon waje.

Wanda na tsaya a kansa shi ne soso mai rufaffun ramuka, wanda idan kika zuba masa ruwa sai ya gangare. Shi ne farin abin da ake naɗe sabon firij ko na'urar sanyaya ɗaki da shi, shi ne kuma jikin siririyar shimfiɗar nan da alhazai ke saye don kwanan Muzdalifa, wasu ma da fuska ɗaya mai ƙyalli. Bayan an gama aikin Hajji kusan kowane gida da ya sauki baƙi yana da guda ɗaya ko biyu a jingine a lungu. Ba ya shan ruwa, ba shi da nauyi, ba ya lafewa a ƙarƙashin kaya, yana kuma sa jakar ta tsaya da ƙafarta ko babu komai a ciki. Kaurin da nake nema santimita 1 ne aƙalla. Idan shimfiɗar ba ta kai ba, sai in ninka biyu. A ƙasa da murfi nakan kai santimita 2, domin ƙasa ce ke zama a kan kwalta mai zafi lokacin jiran bas, murfi kuma shi ke fuskantar rana.

Ga wani abu da sai da na ɓata jaka biyu kafin na gane: kada a bi ta kan sosan da allura. Duk inda ɗinki ya ratsa, ya matse shi ya huda shi, layin nan ya zama hanyar zafi. Abin da nake yi yanzu shi ne in ɗinka rigar waje daban, in ɗinka shafin ciki daban, in zura sosan a tsakaninsu kamar yadda ake zura katifa a rigarta. Girman da ya fi yi mini daidai shi ne faɗi santimita 35, tsayi 30, zurfi 20, wato lita 21. Yana ɗaukar kaji uku, robar laban tsaye, zabadi (wato kindirmo), da gorar ƙanƙara biyu. Gaba da ƙasa da baya da murfi duk soso ɗaya ne, dogo mai santimita 100, ina ɗan tsaga bayansa da reza a wuraren lanƙwasa ba tare da na raba shi ba, sai ɓangarorin gefe guda biyu masu 20 da 30 su shige su matse. Ƙarancin mahaɗa, ƙarancin kafar da zafi zai bi. Yadin waje kuwa a ƙara masa santimita 10 na leɓen murfi da kuma rarar ɗinki da ta kaurin soso, in ba haka ba sosan zai ƙi shiga.

Rigar waje tana son yadi mai ƙarfi: yadin tanti, tsohon wandon jins, ko yadin kujera. Atamfa tana da kyau a ido amma ita kaɗai ba ta jure gogayya, sai an yi mata goyo da wani yadin a ƙasa. Launi ma ba ƙaramin abu ba ne. Mun saba da baƙi saboda abaya, kusan duk wadda ta zo wurina baƙin yadi take riƙe da shi don kada datti ya nuna, ni kuwa sai in roƙe ta ta koma ta canzo. Ki ajiye baƙin ƙyalle da fari a rana minti biyar ki taɓa, ba sai na ƙara magana ba. Ruwan ƙasa mai haske ko toka-toka yana ɓoye datti, ba ya kuma shan rana kamar baƙi.

Shafin ciki shi ne inda jakar gida take kasa jakar kanti, sai an yi dabara. Duk ledar da allura ta huda za ta zubar da ruwa ta ramin, ruwan kaza kuma idan ya gangara tsakanin soso da yadi ba ya fitowa. Dabarar ita ce a yanka leda ɗaya babba, a tura ta cikin jakar, a ninke kusurwoyin sama kamar yadda ake naɗe ƙullin goro, ba a yanke su ba, ɗinki ya tsaya a can bakin sama kawai. Ƙasa ta zama kamar kwano, babu rami. Ina amfani da labulen banɗaki sabo mai kauri, wanda aka rubuta PEVA a jikin ledarsa, domin ba shi da warin nan mai hawa kai da wasu ledojin tebur suke da shi. Ledar sufra ta cin abinci kada ma a gwada, yagewa take yi. Ina kuma maƙala shafin da maɓallai masu tausawa, don a cire shi a wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan da aka sa wa cokali ɗaya na kilorin a lita 4, a shanya ya bushe sarai. Ko da haka, ɗanyen nama ya shiga da ledarsa biyu a ƙulle.

Leda tana da taurin kai a ƙarƙashin keke. Allura mai lamba 16 nake sawa, in buɗe tazarar ɗinki zuwa milimita 3 ko 4, domin ɗinki mai matsi yana yanka leda kamar takardar rasiti. Idan ƙafar keke tana kamawa, a shimfiɗa siririyar takarda a sama a ɗinka tare, a yage daga baya. Ba a kafa mata fil, da abin shanyar kaya ake riƙe ta, kuma dutsen guga ba ya kusantarta.

Wajen rufewa na gwada hanya uku. Zif ya fi sauri da tsari, amma shi kansa kafar zafi ne sai murfin soso ya sauko ya rufe shi, kuma a Jidda iskar teku tana cin mai haƙoran ƙarfe, a nemi na roba mai manyan haƙora. Leɓe mai maɗaurin nan da ke ƙara ƙyarrr idan an ɓamɓare shi ya fi sauƙin ɗinki ga mai koyo, sai dai gefensa yana barin iska, kuma yana kama gefen mayafi. Na uku shi ne a bar bakin ledar ciki ya yi tsawo, a naɗe shi sau uku a danne kafin a rufe murfi. Wannan ya fi ba ni sakamako, domin yana fitar da iskar da ta rage a saman kaya. Jaka rabin cika ta fi cikakkiya saurin hucewa, shi ya sa ko tawul mai tsafta nake cusawa idan sayayyar ba ta da yawa.

Hannu kuwa, kada a yi rowar igiya. Jakar nan idan ta cika tana kai kilo 7 ko 8. Igiyar saƙa mai faɗin santimita 4 nake sa wa, ta zagaya ta ƙarƙashin jakar ta dawo, nauyin ya zauna a kan igiya ba a kan ɗinki ba, tsawonta kuma ya isa a rataya a kafaɗa.

Duk wannan wahala rabin aiki ce idan babu ƙanƙara. Kilo ɗaya na ƙanƙara kafin ya narke yana shanye zafin da zai ɗauki kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 ya kai shi 80. Babu soso ko ƙyalli da zai ba ki wannan. Na taɓa jera su a barandarmu da hantsi, jakar kanti mai ƙyalli da gorar ƙanƙara a ciki, tawa mai kauri ba tare da ita ba, kowacce da robar zabadi. Da azahar na buɗe: zabadin da ke kusa da gorar yana nan da sanyinsa, na cikin tawa ya fara hucewa. Ban ji daɗi ba, amma na koyi abin da nake gaya wa kowa yanzu. Gorar ruwa biyu masu rabin lita sun isa tafiyar awa guda. Kada a cika su fal, ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, sai gora ta fashe. A ɗora su a saman kaya domin sanyi ƙasa yake sauka, ɗanyen nama kuma a can ƙasa don kada ya ɗiga a kan wani abu. Fakitin sanyi mai kauri da ake sayarwa ya fi gora lafewa da cin wuri kaɗan, amma gora kyauta ce, kuma idan ta narke kin samu ruwan sha mai sanyi a hanya. A cikin kanti, firiza ce tasha ta ƙarshe kafin biyan kuɗi. A mota, jakar ta zauna ciki inda sanyi yake, ba a but ba, kuma kada a bar ta a motar da aka ajiye a rana, wadda zafin cikinta ke iya haura na waje da kusan digiri 20 cikin awa guda.

Masu ɗauko wa iyaye allurar ciwon sukari daga asibiti su lura: ita tana son digiri 2 zuwa 8 ne, daskarewa tana lalata ta. A naɗe gorar da ƙyalle, kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara.

Game da kuɗi, idan keke na gida, da tsohuwar shimfiɗar Muzdalifa, da wandon jins da aka daina sawa, abin saye bai wuce igiya da labule da maɓallai ba, aikin yini ɗaya ne ga wadda ta iya. Amma idan komai sai an saya, a kuma biya tela, to a je a duba jakar kanti mai kyau tukuna, ba mamaki kuɗin ya zo ɗaya, ita kuma ba ta zuba. Ribar ɗinki ba arha ba ce kullum. Ribarsa ita ce ke kike zaɓar kaurin bango, ke kike auna girman da kafaɗarki za ta iya, kuma ranar da leda ta huje ko igiya ta gaji sai a canza ita kaɗai, ba a jefar da jakar ba.

Da ƙanwata ta gama yi mini bayani sai ya bayyana tafiya biyu take da ita. Sau ɗaya a wata maigidanta yana kai ta kasuwar kifi a mota, sauran ranaku kuma ita ke takawa kanti, minti 25 zuwa, minti 25 dawowa, da ƙaramin ɗanta. Na ce mata, "Kifin nan ki bar wa filin ko kula, ki ce mai kifi ya rufe shi da ƙanƙara sama da ƙasa. Ta kullum kuwa ni zan ɗinka miki." Na rage tsayin da santimita 5 saboda ba ta kai ni tsawo ba, na sa zif ɗin roba saboda iskar garinsu, na yi murfin ninki biyu, na ƙara aljihu a waje na waya da makulli don kada ta riƙa buɗe jakar a hanya. Yadin ruwan ƙasa ne, da ɗan yankin atamfa a leɓen murfi daga ragowar zanen mahaifiyarmu. Na aika mata da ledar ciki guda biyu, ɗaya a jiki, ɗaya ta canji ranar wanki.